Inna ta ce in kai ta Hubbaren Shehu, Yaya ya ce bidi'a ce: ina neman shawararku

Autan Inna:

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina karanta hirarku ban taɓa tsoma baki ba, yau dai dole ta sa.

Ni tela ne, shagona yana Tudun Wadan Zariya. Mahaifiyarmu, Inna muke ce mata, ta haura shekara 70. Asalinta 'yar ƙasar Bakura ce, aure ya kawo ta Zariya tun kafin yaƙin basasa. Tun ina yaro na san ta da tarin kuɗin Makka. Ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, ta zuba adashi, in ta kwasa ta sayi tunkiya ta ba da kiwo. Duk shekarar da muka ce to bana kam an kusa, sai kujera ta ƙara tsalle. Da muka ji ta haura miliyan 8, Inna ba ta ce komai ba sai bayan kwana biyu. Ta aika a kira ni bayan isha'i, ta buɗe adakarta, ta ɗaga zannuwan da ke sama ta ciro ƙullin kuɗin, ta ajiye a gabana. Ta ce, "Auta, Makka ta yi mini nisa. Allah ya san niyyata. Amma kafin gwiwar nan ta ƙi ni gaba ɗaya, ka kai ni Hubbare in gai da Shehu da Nana."

Ashe ta taɓa zuwa, sau ɗaya tak. Tana 'yar shekara 9 ko 10 kakarta ta tafi da ita Sakkwato cikin ayarin mata, jaji, wato jagorar matan, na gaba da malfarta a ka. Kwana huɗu suka yi a hanya, wani wuri a ƙasa, wani wuri a ɗora yara kan jaki. Ita aka ba riƙon 'yar ƙwaryar man shanu da za a kai sadaka. A rana ta uku ta yi tuntuɓe, ƙwaryar ta kife, rabin man ya bi ƙasa. Ta ce kakar ba ta doke ta ba, ba ta ma yi faɗa ba, sai dai ta durƙusa ta kwashe abin da ya kwasu. Wannan labarin ban taɓa jin sa ba sai daren nan, ni da na kwana ɗakinta har na balaga. Ta ba ni shi tana dariya, amma idonta ya kawo ruwa.

To ga inda gizo ke saƙar. Babban wanmu, malamin makaranta ne, yana da karatu daidai gwargwado, kuma ba zan ɓoye ba, shi ne ke ɗauke da rabin nauyin gidanmu. Da na kai masa maganar sai ya tashi ya same ta. Ya ce ba a ɗaura sirdi don ziyara sai zuwa masallatai uku, ya ce wurin nan roƙon matattu ake yi da ɗibar ƙasa, ya ce ko sisinsa ba zai shiga wannan tafiya ba. Bai zage ta ba, amma muryar da ya yi maganar da ita irin ta aji ce, kamar yana gaban ɗalibai. Inna ba ta tanka ba. Sai dai tun ranar, abincin da ake aiko mata daga gidansa almajirai take miƙa wa, kwanon ma a wanke take mayarwa kamar ta ci. Yau sati biyu ke nan.

Ni a tsakiya nake. Ba ni da karatun da zan ja da Yaya, ba ni kuma da zuciyar da zan ce wa Inna a'a.

Don Allah wanda ya san Sakkwato ya taimake ni. Yaya wurin yake, tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta iya? Wane lokaci ya fi? Ta ambaci Wurno da Degel, wai kakarta ta sha ba ta labarinsu, shin ana iya zuwa yanzu? Hanyar Funtuwa zuwa Gusau fa, da me ake ciki? Sannan malamai na cikinku, ku gaya mini gaskiya tsakaninku da Allah, in na kai ta na yi laifi?

Na Ƙofar Rini:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah shi yi maka albarka da kaz zo neman shawara kan uwa. Ni nan birni anka haife ni, daga gidanmu zuwa Hubbare ko mashin ba ni hawa.

Abu na farko, ka cire ma ranka cewa wani ƙaton wuri za ka gani. Hubbare gida ne. Gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne da yaz zauna bayan ya taso daga Sifawa a 1815, shekara biyu kacal yay yi cikinai Allah yay yi mai rasuwa a 1817, anka rufe shi nan cikin gidan. Cikin unguwa yake, tsakiyar mutane, masallacin Shehu na nan kusa. Nana Asma'u da Inna ke faɗi, ta rasu a 1864, kuma nan take kwance kusa ga mahaifinta. Akwai sarakunan Musulmi na baya-baya da anka rufe a wurin, Sarki Abubakar na uku a 1988, da Sarki Maccido wanda yar rasu cikin haɗarin jirgi a 2006. Don haka tahiyar ƙasa ba ta da yawa, mota na kawo ku kusa ga ƙofa. Tsohuwa na iyawa, waɗanda sunka fi Inna tsufa na zuwa kullum, wasu da sanda, wasu ana riƙe da su.

Ku taho da sassafe, ko kuwa bayan la'asar. Takalmi cire shi akai, kuma ƙasar Sakkwato in rana ta ɗaga ba ta san tsoho ba. Yanzu da sanyi ya shigo shi ne lokacin, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu. Kada ka bari Maris ta same ku, nan zafi na wuce digiri 40 ba wasa, mu da munka saba ma ɓoyewa mukai. In da hali ku kauce ma Juma'a, cinkoso na yawa.

Ka nemi canji tun daga Zariya, ƙananan kuɗi masu yawa. Mabarata na nan bakin ƙofa, makafi da guragu da almajirai, kuma in kaf fiddo babbar takarda gaban jama'a sai sun rufe ku har Inna ta rasa inda za ta sa ƙafa. Ka raba kuɗin aljihu biyu, ka riƙa miƙawa kana tahiya. Sannan akwai samari da za su liƙe maka su ce su ne masu nuna wuri. Ka gaishe su ka wuce, ka tambayi dattawan da ke zaune ciki, su ne masu kula da wurin, za su nuna maku komi cikin mutunci.

Batun Wurno. Nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, ribaɗinsa ne, wato garin tsaro da yag gina, can yar rasu a 1837. Ba nisa, bai kai awa guda a mota ba. Amma gabashin Sakkwato ka dai san halin da ake ciki, yau lafiya gobe wani labari. In za ku, ka je tasha da safen ranar ka tambayi direbobin da sunka fito daga can, ku tahi da hantsi ku dawo kafin la'asar. Degel tana ƙasar Gwadabawa, can ne Shehu yay yi zaman karantarwa kafin hijira ta 1804, kuma kabarin mahaifinsa Malam Muhammadu Fodiyo na can. Gudu kuwa, inda anka yi hijirar anka yi ma Shehu mubaya'a, kada ma ka kawo ma Inna zancenta, bakin iyaka ne kuma ba wurin kai tsohuwa ba ne a wanga zamani. Wanda yaf fi sauƙi shi ne Sifawa, wajen Boɗinga, kan babban titi. Gwandu inda Malam Abdullahi ƙanen Shehu yake ta shiga jihar Kabi, tahiya ce mai zaman kanta.

Amma in ka ji tawa, kada ka tara mata wurare. Abin da tac ce shi ne Shehu da Nana. Ka ba ta wannan a natse, ta zauna iya son ranta, ya fi ka yi ta jan ta gari-gari tana nishi.

Wani abin kunya da zan faɗa ma. Ni da ke maƙwabtaka da wurin, sai da niy yi shekara 11 ban taka cikinai ba. Kullum ta ƙofar nike wucewa zuwa kasuwa. Sai da wani baƙo yaz zo muna daga zangon Kumasi, dattijo, yac ce tun yana yaro yake jin sunan Hubbare bakin kakansa mai fataucin goro, in raka shi. Da munka shiga mutumin ga yaf fashe da kuka kamar yaro. Ni ko ina tsaye ina duba waya. Ranar na ji kunyar kaina.

In kun sa rana ka yi min magana ta akwatin saƙo, akwai ɗaki gidanmu, uwargida za ta ji daɗin Inna.

Abu Sumayya:

Assalamu alaikum. Tunda ka ce a gaya maka gaskiya, ga abin da na sani.

Ziyarar kabari ita kanta sunna ce. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ta da farko, daga baya ya yi umarni da ita saboda tana tunatar da lahira, hadisin yana cikin Muslim. Inda malamai suka yi saɓani shi ne yin doguwar tafiya takanas domin kabari. Hadisin da yayanka ya kawo ingantacce ne, Buhari da Muslim duk sun ruwaito shi: Makka, Madina, Ƙudus. Wasu malamai, irin su Ibn Taimiyya, sun fahimci cewa ya haɗa da tafiya zuwa kaburbura. Wasu da yawa sun ce maganar masallatai ake yi, wato kada ka yi tafiya zuwa wani masallaci kana ganin ya fi saura falala. Ni fahimtar farko nake bi, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Amma mas'ala ce ta saɓani, kuma wanda ya ce maka babu saɓani a cikinta bai yi maka adalci ba.

Abin da ba ni da shakka a kai shi ne roƙo. Ba a roƙon wanda ke cikin kabari, ko wane ne shi. Shi ake roƙa wa. Na je Hubbare lokacin ina karatu a jami'ar da ke ɗauke da sunan Shehun, na ga mata suna ƙulle ƙasa a bakin zane, na ji wata tana faɗin buƙatarta da sunan Shehu kai tsaye. Raina ya ɓaci, domin mutumin da ke kwance a wurin ya ƙarar da rayuwarsa yana yaƙar irin wannan, har littafi ya rubuta sukutum a kan raya sunna da kashe bidi'a. Wannan shi ne abin da yayanka yake tsoro, kuma tsoronsa ba na banza ba ne.

Sai dai ya yi kuskure wajen faɗa. Uwa ba ɗaliba ba ce. Allah ya hana a ce musu ko da "tir". Tsohuwar da ta shekara 40 tana suyar ƙuli-ƙuli don ta ga Ka'aba, ba ita za a tsaya a kanta ana karanto hadisi kamar an kama ta da laifi ba. Ka gaya masa in ji wani ɗan'uwansa a fahimta, ya je ya durƙusa ya ba ta haƙuri tun kafin a yi maganar tafiya.

In za ka kai ta, ka tabbata ta san abin da za ta faɗa: sallama ga ma'abota kaburbura, da roƙa musu gafara da rahama. Ban da shafa, ban da ɗibar ƙasa. Kuma ka fahimtar da ita a hankali cewa wannan ba madadin hajji ba ne, kuma ba ta da laifin komai a kan hajji, domin Allah bai wajabta shi ba sai ga mai iko.

Maman Balkisa Ƙonni:

Salamu alaikum. Malam Abu Sumayya, Allah shi ƙara sani, maganarka da gaskiya ciki. Amma ku maza kuna da wani hali, in kun ga tsohuwa ɗaya ta ɗebi ƙasa sai ku ce duk matan da ke wurin jahilai ne. Ayarin da Inna tab bi tana yarinya, ka san ko mine ne? 'Yan taru ne. Nana Asma'u ta kafa su don karatu. Ita ke naɗa jaji, ta ba ta malfa, ta aike ta ƙauye ta tattaro mata, tsofaffi da 'yan mata, su taho su koyi tsarki da salla da tauhidi cikin waƙa da Hausa da Fillanci, su koma su koya ma na gida. Abin bai mutu da rasuwarta ba, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da shi. To matar da ta fito cikin wannan tsatso, ba na jin sai an koya mata wa ake roƙo.

Auta, ni daga Birnin Ƙonni nike. Mu nan Sakkwato kusa ce gare mu, ta Illela muke shiga, in duwan, wato kwastan, da jandarma ba su tsai da mu ba kafin azahar muna Hubbare. Na raka uwata sau uku kafin ta rasu. Kuma ka sani Maratta inda anka haifi Shehu a 1754 wajenmu take, nan Nijar. Iyakar ga daga baya ta zo.

Ka tafi da mace. Matarka ko ƙanwarka, wadda Inna ke sakewa da ita. Akwai wurin da mata ke zama, kai ba ka iya bin ta ko'ina, ga kuma zancen kewayawa da alwala. Ku ɗauki 'yar kujerar roba mai gajeren ƙafa, don mai ciwon gwiwa zama ƙasa ba shi ne wuya ba, tashin ne. Ku riƙe butarku da ruwanku. Ta sa safa mai kauri tunda za a cire takalmi. Man zafi kuma ku shafa mata tun dare, ba sai an dawo ba.

Sannan ga abin da nike so ka gaya mata, don uwata ma Makka ta gagare ta, kuma wannan maganar ita ta sanyaya mata rai. Shehu da kansa bai yi hajji ba. Yana saurayi ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, malamin zai wuce Makka, shi kuwa ya komo gida saboda bai nemi izinin mahaifinsa ba. Daga baya karantarwa da jihadi sunka riƙe shi har ya koma ga Allah. Waƙarsa ta Larabci da almajirai ke rerawa har yau, farkonta tambaya ce yake yi, ko akwai hanyar da zai bi shi kai Madina shi ziyarci kabarin Annabi. Bai samu ba. Don haka in Inna ta tsaya gabansa, ba gaban wanda ya fi ta sa'ar Makka ta tsaya ba, gaban ɗan'uwanta ne cikin bege. Ka faɗa mata haka da bakinka.

Mai Sharon:

Ni direba ne, layin Zariya zuwa Sakkwato nake yi shekara 14. Karatu na bar wa malamai, hanya zan yi maka.

Tafiyar ta kusa kilomita 400. Funtuwa, Tsafe, Gusau, Talatar Mafara, sai birnin Shehu. Kada ka yarda da motar da za ta tashi kafin gari ya waye, kada kuma ka yarda da wadda za ta tashi bayan azahar. Motar farko ta safe, wajen ƙarfe 7, ita ce taku. Tsakanin Funtuwa da Gusau mu kanmu ba ma son mu ga mun zama mu kaɗai a titi, jira muke mu jeru. In ka ga direba ya tsaya a wani gari ya ce a ɗan dakata, kada ka yi masa gardama, wani abu ya ji daga na gaba. Shingayen jami'an tsaro suna da yawa, kowa ya riƙe katin shaidarsa kusa.

Ka biya wa Inna kujerar gaba ita kaɗai, kuɗin mutum biyu, don ta miƙe ƙafa. Kada ta sha shayi da yawa da safe, ka gane. Kuma na san in kun zo Lambar Bakura ranta zai biya ta ce a shiga a ga dangi. Kada ku ratse sai kun yi waya da na cikin garin a ranar.

Jikan Maiwurno:

Ina karanta ku daga Sudan, ko in ce daga inda yaƙin nan ya jefa mu. Kakanninmu sun baro ƙasar Sakkwato bayan Turawa sun ci ta a 1903, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru, aka kashe shi a Burmi, saura suka bi ɗansa suka nufi gabas da niyyar Makka. Da yawa ba su ƙarasa ba, suka zauna bakin kogi kusa da Sinnar, garin da ake kira Maiwurno. Mu Makka ba ta yi mana nisa ba, teku kawai za a haye, kakata sau biyu ta je. Amma har ta rasu abin da take cewa shi ne, ina ma ta ga Hubbare. Ba ta taɓa ganin Najeriya ba. In Allah ya kai ku, ka yi wa Shehu sallama a madadin wata tsohuwa da ke kwance bakin Nilu.

Abu Sumayya:

Maman Balkisa, na karɓi gyara. Ban ce duka ba, amma yadda na rubuta ya yi kama da haka. Allah ya jiƙan mahaifiyarki.

Autan Inna:

Jama'a mun je mun dawo, shekaranjiya da daddare muka shigo Zariya lafiya. Na gode ƙwarai, musamman Na Ƙofar Rini da iyalinsa, waɗanda suka sauke mu kwana biyu suka hana mu sayen ko ruwan leda.

Na karanta wa Yaya amsar Malam Abu Sumayya daga wayata. Bai ce uffan ba, kuma bai je ya ba da haƙuri ba, kada in yi masa ƙarya. Amma ranar tafiya muna tasha ana ɗaure kaya sai ga shi a kan mashin. Ya durƙusa ta tagar gaba ya gai da Inna, ya miƙa mata wata takarda a ninke. Addu'ar ziyara ce ya rubuta da hannunsa, da manyan baƙaƙe da wasali yadda idonta zai gani. Ta buɗe ta duba, ta ce, "Na iya ta tun ba a haife ka ba." Ta dai ninke ta sa a jaka. Da na je biyan kuɗin kujerar gaba, ɗan kamasho ya ce ai malamin nan mai mashin ya riga ya biya.

Da safe muka shiga, ni da ita da matata, kujerar roba a hannuna. Abin da ban zata ba shi ne Inna ta tsaya cak a bakin ƙofa ta ce ba nan ba ne. Ta ce wurin da ta sani ginin ƙasa ne, fili ne mai faɗi, ga inuwa, ga jakuna a ɗaure. Nan kuwa siminti, fenti, ƙarar mashina. Ta dube ni kamar na yaudare ta. Wallahi gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, kuɗi da wahala sun tafi a banza. Na Ƙofar Rini ne ya lallashe ta, ya ce Inna shekara 60 fa, ke ma ai kin canza.

Muka yi wa Shehu sallama. Ta yi addu'arta a hankali, ban ji me ta ce ba, takardar Yaya dai ba ta fito daga jaka ba. Ni na isar da saƙon Jikan Maiwurno kamar yadda ya nema. Daga nan matata ta wuce da ita wajen mata, ni na koma gefe na zauna da dattawa. Na ce minti 20 za su yi. Sai da suka shafe awa biyu da rabi.

Matata ce ta ba ni labarin abin da ya faru. Ta ce Inna na zaune kan kujerar tana ta waige-waige, har yanzu ranta bai kwanta ba, sai wata tsohuwa 'yar Dogondutsi da ke jingine da bango ta fara rera wata waƙar wa'azi ƙasa-ƙasa, ita kaɗai, tana kaɗa kai. Inna ta yi shiru. Can sai ta karɓa mata baiti na gaba. Matata ta ce ba ta taɓa jin Inna ta yi waƙar ba, ni ma ban taɓa ji ba. Ashe ita suke rerawa a hanya. Tsohuwar ta ɗago ta dube ta, Inna ta sauko daga kujerar ta zauna ƙasa kusa da ita, gwiwar da muke ta lallaɓawa. Suka yi ta yi, inda ɗaya ta manta ɗaya ta tuna mata, inda duk suka manta su yi dariya. Sannan Inna ta sa aka buɗe jakarta, ta ciro wata robar man shanu da ban san ta taho da ita ba, cike fal, ta ce a raba wa matan da ke zaune a wurin.

Da daddare na gaya mata maganar Maman Balkisa, cewa Shehu bai samu zuwa Makka ba. Ta ce, "Shehun?" Na ce shi. Ta daɗe ba ta yi magana ba, sannan ta ce, "Allah sarki, bawan Allah."

Wurno ba mu je ba, washegari ƙafar ta kumbura. Ba ta ma sake tambaya ba. A Lambar Bakura direba ya rage gudu don ta, ta leƙa ta taga har muka wuce, ba ta ce a tsaya ba.

Wani abu kuma, don Malam Abu Sumayya. A hanyar dawowa na lura bakin mayafinta a ƙulle yake, ƙulli ƙarami mai nauyi. Tun daga Talatar Mafara nake satar kallonsa ina tunanin me zan ce wa Yaya. Na kasa tambaya. Da muka tsaya salla a Gusau ta kwance da kanta, goro ne guda biyu, 'yar Dogondutsin ce ta ba ta. Ta ɓare ɗaya ta ba ni ɓari. Ɗayan jiya ta aika wa Yaya da shi cikin kwanon abincinsa, kuma a wannan karon ita ta ci abincin.

Yanzu ga wata sabuwa. Kuɗin da ya rage na kai mata, na zata adaka za ta mayar. Ta ce a'a, ta ji a rediyo ana maganar adashin gata na hukumar alhazai, in je in tambayo yadda ake shiga. Akwai wanda ya taɓa buɗe wa tsohuwarsa? Da wace takarda ake zuwa, kuma dole ne sai ta je bankin da ƙafarta?